Malam Illiassou, Wanda Ya Hana Bangon Inna Zufa

Malam Illiassou yakan bar gidansa na Clichy-sous-Bois da an idar da sallar asuba, da jaka ɗaya a kafaɗa. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san abin da ke cikin jakar nan: wuƙar yankan allo, buroshin ƙarfe, leda a naɗe, sikoc na liƙe ta, matashin gwiwa guda biyu da suka sha jiki, sai kwanon abincin rana. Ya shiga taram, ƙaramin jirgin ƙasan nan na cikin gari, ya sauya jirgi, ya ɓullo a tsakiyar Paris daidai lokacin da masu kwat suke hawa benayen ofisoshinsu. Shi kuwa sauka yake yi. Shekara ashirin da takwas ke nan yana aiki a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, waɗanda mutanenmu a nan suke kira kab, yana manna allunan hana sanyi a jikin bango.

Ga wanda bai san allon ba, ɗan'uwan farin abin nan ne mara nauyi da ake tararwa a cikin kwalin sabuwar talabijin, sai dai ya fi shi tauri da faɗi. Polistiren sunansa. Idan aka manna shi da kyau, sanyin ƙasa ba ya ratso bango, ɗaki ya yi ɗumi. Idan aka manna shi da ganganci, ruwa ya ɓuya a bayansa, fumfuna ta yi gida, mutanen gidan su yi ta tari ba su san daga ina ba. Aiki ne da ba a gani. Ana gamawa ake rufe shi, a shafa fenti, mai fenti ya kwashe yabo.

A ƙarshen watan nan Malam Illiassou zai ajiye aiki, gwiwoyinsa sun ce sun gaji. Ba za a yi masa taro ba, na sani, shi ma ba zai so ba. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, don ina cikin waɗanda ya yi wa abin da ba a mantawa.

Yana da wata ɗabi'a da ake tsokanarsa da ita. Idan ya shiga gida ya gama gaisawa da mutane, gaisuwar Damagaram mai tsawo, ina gida, ina yara, ina sanyi, ina labarin ƙasa, sai ka ga ya ɗora tafin hannunsa a kan bango. Ko gidan suna aka gayyace shi sai ya yi. Mika'il, wanda suka shekara goma sha ɗaya a kamfani ɗaya, ya ce mini sun taɓa zuwa wani babban gini a gabashin Paris, mai kamfani yana gaggawa, ya ce a manna allunan ranar nan. Malam Illiassou ya taɓa bangon, ya kife bokiti ya zauna.

"Bangon ga jiƙe yake," in ji shi. "Ni ban manna komi bisa ruwa. In kuna so, ku aiko wani."

Aka aiko wasu, shi kuma aka tura shi share shara har mako biyu. Kafin sanyin shekarar ya fita, allunan sun fara saki ɗaya bayan ɗaya. Mika'il ya ce abin da ya fi ba shi mamaki shi ne ranar da aka mayar da su gyaran wurin. Ya zuba ido ya ji Malam Illiassou ya ce uffan a kan abin da ya wuce, bai ce ba. Ya ɗaura matashin gwiwarsa ya fara kankara.

Hajiya Raliatou mai sayar da yadi a Château Rouge ita ma tana da nata labarin. Shaddarta da atamfofinta a kab take ajiye su, suna fitowa da warin gumi, masu saye suna shinshinawa suna ajiyewa. Lahadi huɗu ya ba ta daga cikin hutunsa. Yau shekara tara, ta ce, ko allo ɗaya bai motsa ba. Idan aka ambaci sunansa a shagonta takan ce, "Ɗan halak, mai hannun kirki da magana ɗaya," ta ci gaba da awon yadinta.

Nawa labarin ya fi nasu ban kunya, amma zan faɗa.

Ina zaune a Villeurbanne, a gefen Lyon, ni da matata Inès. Gidanmu na ƙasa ne, ɗakin kwana ɗaya da falo, sai wani ɗaki da ake sauka masa da matakala bakwai. Rabinsa a cikin ƙasa yake, da ƴar taga a sama mai duban tsakar gida. Bara likitoci a Yamai suka ce ciwon ƙirjin mahaifiyata yana bukatar magani na wata shida, kuma an samu asibiti a Lyon da ya karɓe ta. Takardu suka fito bayan doguwar wahala. Inès ta ce abu mai sauƙi ne, mu bar wa Inna ɗakinmu, mu koma falo. Inès a nan aka haife ta, ta faɗa da zuciya ɗaya. Ni na san abin da zai biyo baya, amma na kira Inna a garinmu Tawa na gwada.

"Mi kac ce?" in ji Inna. "Ni in kwana bisa gadon ɗana da matarshi? Allah shi kiyaye. In babu ɗaki nawa, ku bar ni nan wurin da nike."

Ni ne ɗanta na fari. Ko sunana ba ta faɗa, balle ta taka ɗakin aurena. Wannan ba abin da ake jayayya a kai ba ne, kuma na san idan ta ce ba ta zuwa, ba ta zuwa. Na ce mata akwai ɗaki. Na yi mata alkawari da bakina, na ce nata ne ita kaɗai, da ɗumi kamar ɗakinta na gida.

Ɗakin kuwa sanyinsa har cikin ƙashi. Na sayo alluna, na zo wajen gam, abin da a nan muke ce wa kol. Na tsaya gaban kanta mai iri fiye da ashirin. Ni injiniyan na'ura mai ƙwaƙwalwa ne, da digiri uku a bango, amma ban juya gwangwani ko ɗaya na karanta bayansa ba. Na buɗe wani na shinshina. Warin ya doke ni, ya kai ni kasuwar Tawa kai tsaye, gaban masu gyaran takalma. Gam ɗin nan ne ruwan ɗorawa da suke shafa wa tafin takalmi, su bari ya sha iska, su haɗa, su buga da guduma. Tun ina yaro na san duk abin da wannan gam ya kama ya kamu har abada. A wurinmu ƙarfin gam a warinsa yake. Na ɗauki gwangwani huɗu ina jin kaina gwani.

Na yi yadda na ga ana yi. Na shafa wa bango, na shafa wa allo, na jira, na danna. Na jera shida, na hau sama na ci abinci. Da na dawo, allunan sun lotsa. Na ɓamɓaro ɗaya na ga bayansa ya zama ramuka, gam ɗin ya cinye shi kamar yadda gara take cin azara. Wani baƙin danƙo yana gangarowa a jikin siminti, wari kuwa ya cika gidan har Inès ta buɗe tagogi duka a cikin sanyin Nuwamba. Saura kwana goma sha biyu Inna ta sauka.

Mika'il ne ya ba ni lambar Malam Illiassou. Ban taɓa ganinsa ba, abin da ya haɗa mu kawai shi ne ƙasa ɗaya. Na kira shi ina ta in'ina. Ya saurare ni har na gama, ya yi tambaya ɗaya.

"Wa za shi kwana cikin ɗakin?"

Na ce mahaifiyata, mai ciwon ƙirji.

"To. Kar ka ƙara taɓa komi. Ina zuwa Asabar."

Ranar Asabar na tarbe shi a tashar Part-Dieu. Gajeren mutum ne mai furfura, yana ɗan ɗingishi, jakar nan a kafaɗa. Muka sauka ɗakin, ya ɗauki gwangwanin da na saya, ya shinshina, ya dube ni. Sai ya fashe da dariya har da riƙe gwiwa.

"Rabi'u, takalmi za ka gyara? Kol ɗin baduku ne wannan! Wallahi kai ne na biyar da na gani cikin mutanenmu. Duk sai mun bi hanci."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma bai bar ni a cikin kunyar ba. Ya yanko guntun allo, ya ɗiga masa gam ɗin, ya ce in zuba ido. A gabana wurin ya narke ya zurma. Ya ce abin da nake ji yana wari, wani ruwa ne da ake narkar da gam ɗin a cikinsa, kuma ruwan nan bai san bambancin gam da allo ba, duka yake narkarwa. Fata da roba suna jure masa, polistiren ba ya jurewa. Ya juya gwangwanin, ya nuna mini da yatsa inda aka rubuta hakan ɓaro-ɓaro.

"Kai da ka yi lakkwal, ka sha boko har ka ƙare ta," ya ce. "Ni aji shida na yi, amma ban sayen kol sai na karanta bayanta. Ka nemi inda aka ce babu solban, ruwan nan mai wari, ka nemi inda aka ce ta yarda da polistiren. In ba ka gani ba, ka yanki guntu ka gwada. Minti biyar ne."

Na ce to mu je mu sayo mai kyau mu manna yau. Ya ɗora hannu a bango, ya bi shi a hankali har kusurwar da ke ƙarƙashin taga, ya tsaya. Ya ciro leda ya yanka gida uku, ya liƙa kowace da sikoc a wuri daban, ya toshe gefunan sosai. Ya ce a bar su kwana biyu. Idan raɓa ta taru a saman leda, iskar ɗakin ce mai laima, wannan da sauƙi. Idan ta taru a bayanta, to bangon ne yake shan ruwa daga waje. Muka wuni muna kankare ɓarnar da na yi, da la'asar ya koma Paris.

Ranar Litinin na ɗaga ledojin. Biyu a bushe. Ta kusurwa kuwa bayanta sharkaf. Na aika masa hoto, ya kira ni nan take, ya ce in fita tsakar gida in duba bututun da ke sauko da ruwan sama. Na tarar ya tsage daga ƙasa, duk ruwan rufin yana tsiyaya gindin bangon, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Aka gyara bututun a kwana biyu. Sai Malam Illiassou ya faɗa mini abin da ban so ji ba: bangon yana bukatar aƙalla mako uku da na'urar busarwa kafin a manna masa komai.

Na roƙe shi. Na ce Malam, saura mako ɗaya, a manna haka nan, daga baya a gyara.

"In na manna, za ka ga ɗaki mai kyau," ya ce. "Wata biyu, baƙin abu ya tsiro bayan allo inda ba ka gani. Ita ce za ta shaƙe shi kullum. Ka kawo ta magani ko ka kawo ta ciwo? Ka yi haƙuri, ɗana. Ban yi."

Na ajiye wayar ina jin haushinsa. Na faɗa a nan don gaskiya ce.

Inna ta sauka ta tarar babu ɗaki. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta shimfiɗa darduma da bargo a kusurwar falo, ta ƙi kujera, ta ƙi katifar da muka sayo wai ta tare hanya. Kullum kafin mu fito ta naɗe kayanta ta zauna a takure, kamar baƙuwar da ke jiran mota. Idan Inès ta wuce zuwa kicin, Inna ta sunkuyar da kai. An fara maganin, amma ba ta barci, ba ta cin abin kirki. A kwana na tara ta ce wa Inès, ba ni ba, a duba mata jirgin komawa. Ta ce ta takura wa yara, kuma mutuwa a ɗakin mutum ta fi kwana a kan hanyar mutane.

Na kira Malam Illiassou, ban ma san me nake so ya yi ba. Asabar ta zagayo sai ga shi, ba tare da na ce ya zo ba. Ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa a kan gwiwoyin nan nasa masu ciwo, ya gaida Inna kamar a zauren gidanmu. Suka yi gaisuwa ta kai minti goma. Sannan ya ce, "Hajiya, ni ne na hana ki ɗakinki. Ba yaron ga ba ne. In akwai laihi, nawa ne. Ina roƙon ki sauko ki gani da idonki."

Ta sauka, tana dafa bango, matakala bakwai. Ya ce ta ɗora hannu a tsakiyar bangon, ta ɗora. Ya ce ta ɗora a kusurwa. Ta ɗora, ta janye, ta duba tafinta.

"Wanga yana zuhwa," ta ce.

"To kin gani. Hajiya, kin taɓa yin yaɓe bisa bangon da bai bushe ba?"

Inna ta dube shi kamar ya zage ta. Shekara arba'in tana gyaran ɗakinta da hannunta bayan kowace damina. "Wa ka yin haka?" ta ce. "Ai zubowa shikai."

"Shi ke nan maganata. Ki ba ni kwana goma sha huɗu."

Ta sake taɓa kusurwar. Sannan ta ce, "Sha huɗu. Na ji." Abin da digirina uku da roƙon Inès suka kasa, ya yi shi da tambaya ɗaya, don ya ɗauke ta a matsayin wadda ta san aiki. Daga ranar ita ce mai duba bangon. Kowace safiya sai ta sauka ta taɓa, ta hau ta ba mu rahoto, har ta fara cin abinci.

Ranar da ya dawo, ledar kusurwa ta kwana biyu a bushe. Ya zo da gam ɗinsa daga Paris, cikin gwangwanaye dogaye da ake ɗaura wa bindigar fesawa. Na tambaye shi me ya sa ba garin nan fari da na ga ana kwaɓawa a wasu gine-gine ba. Ya ce wancan na ɗakunan sama ne masu bushewa, a ƙarƙashin ƙasa yana tsotsar laima ya saki. Wannan kumfa ce da aka yi domin allon, ba ta cinsa, laima kaɗan kuma ba ta dame ta. Duk da haka sai da ya gwada a kan guntu, ya ajiye, ya sha shayi, ya dawo ya duba. Shekara ashirin da takwas, kuma bai yarda ya tsallake gwajin ba.

Na tsaya ina kallon hannunsa. Ya goge bangon da buroshi har ba ƙura. Ya zagaye gefen allon da layin gam ba yankewa, ya yi wani a karkace a tsakiya, don kada iska ta samu hanyar yawo a baya. Ya ɗan jira, ya danna, ya daidaita, ya tokare da katako. Inda allo ya haɗu da allo ya cike tsagar. Washegari ya rufe duka da allon filasta, ya ce polistiren ba a barinsa tsirara a ɗakin kwana saboda wuta. Ya buɗe ƴar kafar iska a saman taga, ya ja mini kunne kada in toshe ta ko sanyi ya kai ina. Da zai tafi Inna ta ba shi kilishin da ta zo da shi daga gida, ya karɓa da hannu biyu. Abin da ya yarda ya karɓa ke nan.

Malam Illiassou, kai ne ka ce mini a'a ranar da na fi bukatar a ce mini to. Kai ne ka hau jirgi sau uku tsakanin Paris da Lyon a ranakun hutunka, saboda tsohuwar da ba ka taɓa gani ba. Kai ne ka ɗauki laifin da ba naka ba ka ɗora wa kanka a gaban mahaifiyata, don kada ta ga gazawar ɗanta. Na ji haushinka mako guda, ina neman gafararka a gaban duk mai karanta wannan. Na gode. Allah ya ba gwiwoyinka sauƙi, ya sa hutun nan ya zama mai tsawo da lafiya, ya saka maka da abin da ya fi ƙarfinmu.

Ku kuma ƴan'uwa, musamman mu da muka yi karatu muke ganin aikin hannu ba ya bukatar tambaya, mu koyi wani abu daga mutumin nan. Mu juya gwangwani mu karanta. Mu gwada a kan guntu. Kowane irin aiki muke yi, a ofis ko a asibiti ko a shago, mu riƙa tambayar wa zai kwana a cikin abin da muka gina. Matasanmu da ke neman sana'a, ku same shi tun yana da ƙarfin nuna muku, ba ya rowar abin da ya sani.

Inna ta gama maganinta cif, wata shida da mako biyu, ba ta tsallake rana ɗaya ba. Ta koma Tawa a watan Yuni da ƙafafunta. Jiya na kira ta na ce Malam Illiassou zai ajiye aiki, ko tana da saƙo.

"Ka hwaɗa mishi," ta ce, "duk sanyin garin nan da bayana jingine da bangonshi ni yi shi. Ban tashi da tari ba ko sau guda. Ka ce mishi da ba don shi ba, da na komo gida tun kwana tara, kuma da yanzu ba da ni kake magana ba."

Malam, na isar.